Ranar da Aka Yanka Jadawalina Gida Huɗu

Shekarun baya, tun gashin kaina bai gama guduwa ya bar ni da filin ƙwallo ba, na taɓa shiga wani hali a Maigatari wanda gumin da na yi a ranar, da an tara shi, da ya isa a shayar da garken shanu. Ku gyara zama ku sha labari.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Gumel. A lokacin an tura ni wani ɗan kwas na kwamfuta a Dutse, na dawo ina taku kamar ni na ƙera ta. An koya mana Python, da wata manhaja da ake kira Matplotlib, wadda kake ba ta lambobi ta zana maka su a jadawali. Daga dawowata ba abin da ya tsira. Kofunan shayin da nake sha na zana musu jadawali, ƙwan da kajin gidanmu suke yi na zana musu. Matata ta ce in na kuskura na zana nauyinta, to in kwashe kayana in koma aji da kwana.

Ana haka sai wata ƙungiyar agaji ta ce za ta haƙa rijiyar burtsatse mai sola, guda ɗaya tal. Ƙauyuka huɗu suka nema, ɗaya a ƙasar Gumel, ɗaya a Gagarawa, ɗaya a Maigatari, ɗaya a Sule Tankarkar. Ƙungiyar ta ce ita ba za ta zaɓa ba. Wakilan ƙauyukan su zauna da kansu su yarda a kan inda ruwa ya fi guduwa ƙasa. In sun daidaita, motar haƙa ta nufi can. In ba su daidaita ba, ta wuce wani aikin, kowa ya rasa.

Da ma a kowane ƙauye akwai mai auna rijiya da igiyar guga, gaba-gaba, wato tsawon hannu biyu a buɗe, an kuma yi shekaru ana rubutawa. Abokina, wanda shi ne sakataren kwamitin, ya kwaso min takardun nan ya ce, "Malam, ga ranarka. Ka zana mana abin da ko makaho zai gane."

Na zana akwati huɗu a shafi ɗaya, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na jera su bisa harafin farko don kada a ce na fifita wani: Gagarawa da Gumel a sama, Maigatari da Sule Tankarkar a ƙasa. A kowane akwati layi yana farawa daga sama, yana gangarowa gwargwadon yadda ruwa ya gudu. Sannan na ce wa manhajar duk akwatunan su yi tarayya a ma'auni ɗaya, tsawon gaba guda a nan ya zama daidai da tsawon gaba guda a can. Da na duba, magana ta ƙare. Layukan garuruwa uku sun ɗan sunkuya ne kawai. Na Sule Tankarkar kuwa kamar an turo shi daga kan bene.

Sai dai manhajar nan tana da tsimi. In ka haɗa ma'auni, ba ta maimaita rubutu. Lambobin zurfi tana sa su a jikin akwatunan hagu kaɗai, shekaru kuma a ƙarƙashin akwatunan ƙasa kaɗai, tunda wanda yake riƙe da shafin yana ganin duka a tare. Ni kuwa abin ya burge ni, shafi ya fito fes. Na ba abokina ya je ya buga, na kwanta ina jin daɗin kaina.

Taron a Maigatari aka sa shi, ranar kasuwa, a wani ajin firamare, saboda a can motar haƙar take ajiye. Na iso da laftof ɗina da majigin makarantarmu, an ta da ɗan janareta a bayan taga. Direban motar ya leƙo ya gaishe mu, ya ce shi fa da an kira La'asar zai kama hanya, ko ina aka ce masa, ko ba a ce ba.

Abin da ban sani ba shi ne, a wajen mutanenmu wakili ba ya komawa gida hannu rabbana. Sai ya kai wa mai gari takardar garinsu, tasu ta kansu, an karanta a ƙofar gida kowa ya gani. Abokina ya san wannan. Saboda haka da ya buga shafin, sai ya sa reza da rula ya yanka shi gida huɗu, tsaf kamar mai yankan alkaki, ya miƙa wa kowa nasa.

To ku lissafa da kanku. Gagarawa ta samu lambobi, ba shekaru. Sule Tankarkar ta samu shekaru, ba lambobi. Maigatari, da yake tana ƙasa ta hagu, ta samu duka biyun. Gumel kuwa, da take sama ta dama, layi ne tsirara a cikin akwati, ko ɗigo babu.

Kuma matata 'yar Maigatari ce. Wakilin Maigatari a ranar, ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Wakilin Gumel wani dattijo ne, aminin mahaifina marigayi, muna ce masa Baba Alhaji. Ya juya takardarsa gaba da baya, ya ɗaga ta sama ya haska a taga, sannan ya miƙa hannu ya karɓi ta ƙanin matata. Ya jera su a kan benci.

"Ɗan nan," ya ce, "zo nan."

Na je na durƙusa.

"Wannan ta surukanka ce?"

"Ta Maigatari ce, Baba."

"Na ce ta surukanka ce?"

"Eh, Baba."

"Ga lamba a gefe, ga shekara a ƙasa, har da ado. Wannan kuma ta garin ubanka ce. Me ka rubuta a ciki?"

Na fara bayani, na ce ai shafi ɗaya ne aka yanka. Na kunna majigi na haska cikakken shafin a bango, na nuna da rula. Na ce, "Baba, ku duba, lambobin da suke gefen Gagarawa su ne na Gumel ma. Shekarun da suke ƙarƙashin Sule Tankarkar su ne naku. Tarayya ake yi."

Ashe na ƙara wa wuta fetur.

"Wato Gumel ce za ta je aron lamba Gagarawa? Ta kuma je aron shekara Sule Tankarkar? In na koma, in ce wa mai gari ya hau mota ya je Gagarawa ya leƙo lambarsa? Taro an kawo shi garin surukanka, takarda mai kyau an ba surukanka. Tuwon gidan nan da me ake tuƙa maka shi?"

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ƙanin matata, wanda da ma ba ya raga min, ya ce, "Yaya, ni ban roƙe ka ba fa. Ko yayata ce ta ce ba za ta ba ka abinci ba sai ka yi?" Na harare shi. Sai ya gyara murya ya ce, "To don a huta, ka goge namu ma. Kowa ya zauna babu."

A cikin ruɗewa na ga kamar shawara ce. Na zauna gaban laftof, kowa yana kallon bango, na rubuta wa akwatin Maigatari umarnin a mayar da jerin lambobinsa wayam. Na danna.

Lambobin Maigatari suka ɓace. Na Gagarawa ma suka bi su.

Na manta cewa akwatunan da suka haɗa ma'auni jerin lambobi ɗaya gare su, in ka share wa ɗaya ka share wa kowa. Wakilin Gagarawa, wani mai sayar da hatsi da tun safe yake gyangyaɗi abinsa, ya miƙe zumbur kamar kunama ta harbe shi.

"Kai! Ina nawa? Ni me na yi muku? Rigimarku ta gida ce, da Gumel da surukanta, ni za a cinye?"

Kafin in buɗe baki aji ya kaure. Wannan yana nuna bango, wancan yana nuna ni. Abokina ya ɓoye rezarsa a aljihu ya koma bayan ƙofa yana duba silin, kamar an aiko shi ƙirga ƙusoshi. Na ciro waya in nemi yadda ake dawo da lambobi a kowane akwati, sai na ga ta tsallaka iyaka ba fasfo, ta kama sabis ɗin Nijar, tana yi min maraba da Faransanci. Babu data, babu komai.

Mutum ɗaya ne bai shiga hayaniyar ba, mai unguwar da ya zo daga Sule Tankarkar. Siririn mutum ne, yana zaune a bencin baya, ya ninke takardarsa ya riƙe. Da hayaniya ta ɗan lafa sai ya ce a hankali, "Malam, mu ba mu san lamba ba. Abin da muka sani, matanmu sun ƙulla igiya a kan igiya har guga ya fi ƙarfin mace ɗaya. In ba za a samu ba, a sallame mu da wuri, kada motar garinmu ta tashi ta bar ni."

Maganar nan ta fi zagin Baba Alhaji yi min zafi.

Aka tashi sallar Azahar. Ni dai na yi sallar, amma Allah Ya yafe min, rabin hankalina yana cikin laftof. Da aka dawo sai dabara ta faɗo min: tunda haɗa ma'auni ne ya jawo ɓoye lambobin, bari in raba su. Na goge umarnin share lambobin, na cire tarayyar gaba ɗaya, na danna.

Sai ga akwati huɗu a bango, kowanne da lambobinsa a gefe, da shekarunsa a ƙasa. Aji ya ɗauki "Yauwa!" Wakilin Gagarawa ya koma ya zauna. Baba Alhaji ya gyara hularsa ya ce, "Ashe kana iyawa. Sai da aka matsa maka." Har wani ya dafa kafaɗata. Na ji iska ta shiga huhuna karon farko tun safe.

Sai na ɗaga kai na dubi bangon da kyau.

Da na raba ma'aunin, kowane akwati ya buɗa nasa layin ya cika shi daga sama har ƙasa. Ɗan sunkuyon Gumel ya zama gangare. Na Gagarawa haka, na Maigatari haka. Duk huɗun sun koma kamar 'yan gida ɗaya. Lambobin gefe sun bambanta ƙwarai, amma ƙanana ne, kuma ba mai karanta su. Su dai an sa musu, shi ke nan.

Baba Alhaji ya nuna da sandarsa. "To jama'a, kun gani da idonku. Ruwa ya gudu ko'ina daidai wa daida. Tunda haka ne, sai a bi girma. Wa ya girmi Gumel a nan?"

Wakilin Gagarawa ya ce shi dai a gama. Ƙanin matata ya ɗaga kafaɗa. Abokina ya fito daga bayan ƙofa da biro a hannu, yana ta yi min alama da ido, ma'ana rufe bakinka mu tsira. Mai unguwar Sule Tankarkar ya dubi bangon ya daɗe, sannan ya sunkuya ya fara laluben takalmansa a ƙarƙashin benci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin shirun nan na ɗan lokaci. An wanke ni daga zargi, rijiya za ta tafi ƙasarmu, gobe in na shiga Gumel har shayi kyauta zan sha. Ba wanda zai taɓa sani. Amma ni na san abin da ke bangon nan ba haka yake ba, kuma hannuna ne ya sa shi.

Na miƙe. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Wannan zanen bai faɗi gaskiya ba."

"Wanne? Wanda ka yi yanzu?"

"Shi."

"Na farko ka ce daidai ne, muka ce ba daidai ba. Wannan mun ce daidai ne, kai ka ce ba daidai ba. Ɗan nan, da ubanka yana da rai, da a gabansa zan tambaye ka wa ya aiko ka."

Na ce, "Baba, in aka auna gonarku da taki, aka auna ta wani da igiya, aka ce duk goma-goma ne, kun yarda?"

Ya dai ce, "To gyara. Amma kowa da lambarsa. In ka sake kawo min Gumel tsirara, na tashi, kuma in na tashi taro ya tashi."

A waje direban ya ta da mota, ya danna hon har sau biyu. Janareta ya fara tari, hasken majigi yana rawa. Na roƙi mai unguwa ya ɗan ƙara haƙuri, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

Abin da nake nema ƙarami ne: ma'auni ya zauna a haɗe, amma lambobi su fito a kowane akwati. Na san akwai hanyar, an taɓa nuna mana a Dutse, ina jin a lokacin ina waje wajen mai ƙosai. Sai na tuna manhajar tana ɗauke da littafin bayaninta a cikinta, ba sai da intanet ba. Na kira bayanin umarnin da yake kula da lambobin gefe, wanda ake kira tick_params. Turanci ya zubo a bango kamar an fasa buhun gero, duk aji suna kallo. Wakilin Gagarawa ya ce, "Yanzu kuma wa yake rubuta wa wasiƙa?" Ƙanin matata ya ce, "Yayata yake kai wa ƙara." Ban ko juya ba. Yatsana yana zamewa saboda gumi, ina gangarawa layi bayan layi, sai idona ya faɗa kan kalmomi biyu, labelleft da labelbottom. Wato lambobin nan ba share su aka yi ba tun farko, rufe su kawai aka yi, kuma kowane akwati yana da makunninsa.

Ladan ya fara kiran La'asar.

Na mayar da tarayyar ma'auni. Na rubuta wa akwatunan huɗu a kunna na hagu, a kunna na ƙasa, na ƙara musu girma yadda na bencin baya zai gani. Na yi bisimilla a fili, na danna.

Akwati huɗu, lambobi iri ɗaya a gefen kowanne, shekaru a ƙarƙashin kowanne. Layuka uku sun ɗan sunkuya. Na huɗun ya faɗa har gindin akwati.

Baba Alhaji ya dogara sandarsa ya miƙe, ya taka har jikin bango, inuwarsa ta rufe rabin Gagarawa. Ya karanta lambobin gefen Gumel da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ya karanta na Sule Tankarkar, ya tabbatar iri ɗaya ne. Sannan ya ɗora hannu a kan layin Gumel, faɗuwarsa ba ta wuce yatsu biyu ba. Ya sauko kan na Sule Tankarkar ya buɗe tafinsa duka, bai rufe faɗuwar layin ba, sai da ya ƙara wani tafin.

Ya juya ya dubi mai unguwa. "Haka abin yake a wajenku?"

"Ya fi haka, Alhaji. Bango ne bai da tsawo."

A waje motar ta fara motsawa, muna jin ƙarar tayoyinta. Sai Baba Alhaji ya daka wa abokina tsawa, "Kai mai reza! Tsaya kallona za ka yi? Ruga ka tsayar da shi, ka ce Sule Tankarkar zai nufa!"

Ban taɓa sanin abokina yana da gudu haka ba. Da tumbinsa da babbar rigarsa ya tsallake benci biyu, ya tare motar a bakin titi yana ɗaga hannu kamar ɗan sanda.

Kada ku ɗauka an ɗaga ni sama ana tafi. Baba Alhaji ya wuce ni a ƙofa ko kallo ban samu ba, ya dai ce a buga masa sabuwar takarda mai lamba kafin ya hau mota. Ya yi watanni in na gaishe shi sai ya amsa wa iska. A majalisarmu ta Gumel kuwa an daɗe ana ce min wakilin Sule Tankarkar. Mahaifiyata ce kaɗai da na ba ta labari ta ce, "To su mutanen can ba ruwa suke sha ba?" ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Sai da aka yi sunan ɗana sannan Baba Alhaji ya zo, ya zauna, ya ci, ya ce min, "Ubanka ma haka yake da taurin kai." Daga bakinsa wannan lambar yabo ce.

Abin da na ɗauka daga ranar nan bai da yawa, amma ya zauna min. Ni na zana shafin ne don mai kallo irina, wanda zai riƙe shi duka a hannu ɗaya. Ban tambayi a hannun wa zai ƙare ba, ko a wace ƙofar gida za a karanta shi. Tun daga lokacin duk jadawalin da zan yi wa jama'a, ma'auni ɗaya nake ba su, amma kowane akwati da lambobinsa, ko da shafin zai cushe kamar motar kasuwa. Kuma har yau abin da ya fi ba ni tsoro ba lokacin da ake zagina ba ne, lokacin da ake yaba min ne a kan zanen da na san karkatacce ne.

Bayan an daɗe wani aiki ya bi da ni ta ƙauyen nan na Sule Tankarkar a kan babur, da rana tsaka, ƙishi ya kama ni. Na hango tankin a sama, sola tana sheƙi, mata da jarkoki sun yi layi. Na kafe babur, na gyara riga, na taka gaban famfo ina jiran wani ya gane ni a fara guɗa. Na miƙa hannu ke nan sai wata tsohuwa ta buga bokitinta a ƙasa.

"Malam, daga ina? Nan layi ake bi."

Na koma baya na bi layi. Ruwan da sanyi.